Tsibirin Oahu: Inda Ake Iyo, Inda Ake Hawan Igiyar Ruwa, da Inda Ba A Shiga

Jirginmu ya bar Los Angeles da hantsi, a tsakiyar watan Janairun 2024, kuma tun da muka juya wa gaɓar Kalifoniya baya ba mu sake ganin ƙasa ba sai bayan kusan awa shida. Tsakanin nan da Honolulu, babban birnin Hawai da ke tsibirin Oahu, akwai kilomita sama da 4,000 na ruwa zalla. Hawai jiha ce ta Amurka tun 1959, don haka wanda yake cikin Amurka bisa ƙa'ida ba ya neman wata biza, fasfo ɗinsa kawai za a duba a wajen binciken tsaro. Tikitin zuwa da dawowa ya ci mini dala 400 da ɗoriya, domin bukukuwan ƙarshen shekara sun wuce, farashi ya sauko.

Shingen farko a cikin jirgi yake. Kafin sauka an raba mana takardar ma'aikatar gona ta jihar, ɗaya ga kowane iyali, a rubuta ko an taho da 'ya'yan itace, ko tsiro, ko iri, ko ƙasa, ko dabba mai rai. Kafin wajen ɗaukar kaya akwai kwandon da mutum zai jefa abin da bai halatta ba, kuma ba a tuhumarsa. Dalilin tsananin shi ne tsibiran sun daɗe a ware, babu cutar haukan kare, ba su da macizan da muka sani, ajiye maciji ma laifi ne babba. Mai lemo ko tuffa a jaka ya cinye su a sama.

Daga filin jirgi zuwa Waikiki, unguwar otal-otal ta bakin teku, kimanin kilomita 15 ne. Na shiga bas mai lamba 20 a kan dala 3, tafiyar kusan awa guda saboda tsaye-tsaye. Sharaɗinta a lokacin shi ne kayanka su zauna a cinyarka ko ƙarƙashin kujera. Mai ƙaton akwati a lokacin sai tasi, wajen dala 45. Akwai katin bas da ake kira HOLO, wanda a 2024 duk yawan hawanka a yini ba a cire maka fiye da dala 7.50. Allon hawan igiyar ruwa kuwa ba a shiga da shi bas, shi ya sa ake hayarsa a bakin ruwan da za a shiga. Agogon Hawai yana bayan na Najeriya da awa 11, wato sa'ad da kake karin kumallo mutanen gida sun yi Magariba.

Masauki shi ne ya fi cin kuɗi. Otal da ke kan titin Kalakaua, mai kallon teku, ba na talaka ba ne. Layi ɗaya ko biyu a baya, wajen titin Kuhio, farashi ya kan faɗi sosai, ga shi tafiyar minti biyar ce zuwa ruwa. Lokacin da na je, gado a ɗakin haɗaka yana kai dala 50 zuwa 70, ƙaramin ɗaki na mutum ɗaya kuwa da wuya ya gaza 150. A kan wannan ana ɗora haraji, wanda a 2024 ya kai kusan kashi 18 cikin ɗari, otal da yawa kuma suna ƙara wani kuɗin hidima na kullum wanda ba ya fitowa a farashin farko da aka gani a intanet. A nemi jimlar ƙarshe kafin a biya, a kuma nemi ɗaki mai firji da ɗan murhu. Alƙibla daga Honolulu arewa take kallo, ta ɗan karkata yamma, wajen digiri 337. Masallacin Juma'a yana unguwar Manoa, kusa da jami'a, gida ne da aka mayar masallaci, kuma a sahu ɗaya na ga Larabawa da 'yan Indonesiya da 'yan Pakistan da sojojin Amurka baƙaƙen fata.

Ban fara da Waikiki ba. Washegari bayan Asuba na nufi filin shaƙatawa na Ala Moana, tafiyar rabin awa a ƙafa ta yamma, kuma duk baƙon da ya tambaye ni can zan tura shi ya fara. An buɗe filin a 1934. Shiga kyauta ne, kamar kusan duk bakin tekun Hawai, domin dokarsu ba ta yarda wani ya mallaki rairayin gaɓa ba, ko da otal ɗinsa a kai yake. Akwai ciyawa da manyan itatuwa masu inuwa, da banɗaki, da famfunan wanka a fili, da rumfunan masu ceto. An hana shan giya da taba a wurin. Abin da ya sa ya dace da iyo shi ne jerin duwatsun murjani da ke can ciki, waɗanda ke karya igiyar ruwa kafin ta iso. Tsakaninsu da gaɓa akwai wani dogon kwari mai kusan kilomita guda, wanda aka haƙa tun da can domin jiragen ruwa su riƙa wucewa. Ruwansa a kwance yake. Da sassafe tsofaffi ne suka fi yawa, maza da mata, da yawansu jikokin Japanawa da 'yan Filifin, suna kai da komo a layi cikin natsuwa. Amma haƙar nan tana da haɗarinta: kana tafiya ruwa na ƙugu, taku biyu uku sai ƙasa ta ɓace, zurfin ya ninka tsayin mutum. Wanda bai iya iyo ba ya tsaya inda ruwa bai wuce cibiya ba, yaro kuma kada ya yi nisan da hannu ba zai kai shi ba.

Wanda ya koyi ninƙaya a kogi ko a dam irin na Tiga ya zo da rabin ilimin ne. Abu ɗaya ya fi sauƙi a nan: ruwan teku yana da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, yana ɗaga jiki, mutum zai kwanta rigingine ya huta ba tare da ya motsa ƙafa sosai ba. Ɗuminsa ma ko a Janairu wajen digiri 24 ne. Sauran duk sabon karatu ne. Kogi hanya ɗaya yake bi, ka san inda zai kai ka. Teku yana zuwa yana komawa, kuma igiyoyinsa rukuni-rukuni suke zuwa: manya uku ko biyar a jere, sai a yi tsit na mintuna, wanda ya iso a lokacin tsit ɗin ya ɗauka haka ruwan yake. Sannan ruwan da igiyoyi suka turo gaɓa dole ya koma, sai ya sami kafa tsakanin duwatsu ko rairayi ya fita da gudu. Wannan magudanar ita ke jan mutane ciki. Ana gane ta da wurin da igiya ba ta fashewa alhali tana fashewa dama da hagu, ruwan ya fi duhu, kumfa tana tafiya ciki maimakon waje. A ido wurin ya fi ko'ina kama da lafiya. In ta kama ka, kada ka yi kokawa da ita kana neman gaɓa kai tsaye, gajiya ce ke kisa. Ka yi iyo a gicciye, ka bi tsawon gaɓa har ka fita daga cikinta, ko ka kwanta a bayanka ka ɗaga hannu ɗaya.

Masu ceto suna sanye da riga rawaya da jan gajeren wando, kuma tambayarsu ba ta da kuɗi. Na ce wa ɗaya, “Malam, ina ya dace da wanda ya iya iyo amma bai san teku ba?” Kafin ya ba ni amsa sai da ya tambayi inda na koya da kuma tsawon lokacin da zan iya zama a ruwa ba tare da ƙafata ta taɓa ƙasa ba. Sannan ya nuna mini iyaka da yatsa, ya ce in tsaya rubu'in awa ina kallon ruwan kafin in shiga, ko'ina ne a tsibirin. A Hawai nutsewa ita ce kan gaba a haɗurran da ke kashe baƙi, kuma da yawa ba a manyan igiyoyi abin ke faruwa ba, a ruwa mai kwanciya ne, wajen leƙen kifi da tabarau da bututun numfashi.

Akwai wani lissafi da mai bin kwanan wata zai riga kowa ganewa. Kwana takwas zuwa goma bayan wata ya cika, wato wajen 22 zuwa 25 ga watan Musulunci, wata halitta mai kama da farar leda, jelifish, takan cika gaɓar kudu, har da Waikiki da Ala Moana. Zaruruwanta suna harbi da zafi ƙwarai. Ana kafa alamar gargaɗi, amma gara a tsara tafiya a kauce wa kwanakin. In ta taɓa mutum a kwarara ruwan khal a wurin, a cire zaren da ya maƙale, a sa ruwan zafi gwargwadon yadda fata za ta jure. Kada a murza, kada a zuba ruwan famfo kafin khal, domin yana sa ragowar dafin ya fashe. In numfashi ya fara wuya a kira 911 nan take. Haka nan bayan ruwan sama mai ƙarfi, in teku ya yi ja-ja kusa da bakin magudanai, a haƙura kwana biyu ko uku, musamman mai rauni a jiki.

Hawan igiyar ruwa a Waikiki ake koyonsa, a bakin ruwan Kuhio, bayan mutum-mutumin Duke Kahanamoku. An haife shi a 1890, ya ci zinare a iyon mita 100 a gasar Olamfik ta 1912 a Stockholm, ya maimaita a 1920, kuma shi ya nuna wa mutanen Sydney ta Ostareliya hawan igiyar ruwa a ƙarshen 1914. Wasan kakanninsa ne, sarakunan Hawai sun yi shi a wannan ruwan tun kafin zuwan Turawa. Har yau wasu 'yan ƙasa suna ƙorafin an kafa shi ya ba teku baya, abin da ba a yi a al'adar masu ruwa, domin igiyar da ba ka gani ba ita ke kayar da kai.

Darasin rukuni na kusan awa biyu ya kama dala 100, hayar allo kaɗai kuwa wajen 20 a awa. Ga mai farawa kuɗin malami ba asara ba ne. Allon koyo mai laushin baya ne, tsawonsa ƙafa 9 zuwa 11, da ɗan fiffike a ƙarƙashin gindinsa da ke hana shi zamewa gefe. Mai jiki ya karɓi mafi tsawo, kada kunya ta sa ya zaɓi ƙarami. Ana ɗaura maɗaurin roba a idon sawun ƙafar da za ta kasance baya. Don gane wace ce, malamin ya ɗan tura kowannenmu ta baya, ƙafar da ta fara fita ita ce ta gaba. Riga mai dogon hannu ta roba wajibi ce, saboda allo yana goge ƙirji da ciki har su yi ja. Wannan ya sauƙaƙa wa mai son suturce jiki: doguwar riga da dogon wando na iyo ba baƙon abu ba ne a nan, na ga mata da cikakkiyar shigar iyo har da ɗankwali, babu mai kallonsu. Tufar auduga mai faɗi ce ba a shiga da ita, tana shan ruwa ta yi nauyi ta naɗe ƙafa. Man kare fata daga rana kuma a saya a can, tun 2021 jihar ta hana sayar da mai ɗauke da oxybenzone da octinoxate saboda suna lalata murjani. Baƙar fata ma tana ƙonewa, musamman wuya da bayan gwiwa.

A kan rairayi ake fara gwaji. Ka kwanta rub da ciki a tsakiyar allo, yatsun ƙafa kusa da gindinsa, yadda hancinsa zai ɗaga sama da ruwa kamar faɗin yatsu uku. In ka matsa gaba da yawa hancin zai nutse da zarar igiya ta ɗauke ka, ka wuntsila. In ka koma baya da yawa allon zai riƙa jan ruwa, igiya ta wuce ta bar ka. Ana tuƙi da hannu ɗaya bayan ɗaya, a zurfafa, ƙafafu a haɗe. Wurin da ake kira Canoes tuƙin minti goma ne daga gaɓa, kuma a nan mafi yawa suke gano cewa wasan na kafaɗa ne: a awa biyu, tsayuwar da za ka yi duka ba ta wuce 'yan mintuna ba. In igiya ta taho ka juya hancin allo ya kalli gaɓa sak, ka fara tuƙi tun tana nesa. Za ka ji gindin allon ya ɗaga, sai ka ƙara tuƙi biyu ko uku, domin tashi da wuri shi ne kuskuren da ya fi yawa. Sannan tafin hannu biyu a kan allo dab da haƙarƙari, ba a riƙe gefensa ba, ka ɗaga ƙirji, ka jawo ƙafar gaba ta sauka tsakanin hannayenka. Tsayuwa a gicciye take, gwiwa a lanƙwashe, baya a miƙe, ido a kan otal-otal ɗin da ke gabanka. Wanda ya kalli ƙafarsa ya faɗi. Da aka dace, igiyar da ba ta wuce ƙugu ba takan ɗauki mutum mita hamsin ko fiye, ba ƙara sai shuuu ɗin ruwa a ƙarƙashin allo, ana hango duwatsun ƙasa suna wucewa.

Faɗuwa ma koyonta ake yi. Ƙasan wurin murjani ne, wani wajen ruwan bai kai ƙirji ba. A faɗi a baje, ta baya ko ta gefe, ba da ka ba, ba kuma da ƙafa a miƙe ba. A fito da hannu a kan kai, domin allon yana dawowa ta maɗaurinsa. Kada a sa allo tsakanin jiki da igiya mai zuwa. A ramukan dutsen akwai bushiyar teku mai baƙaƙen ƙayoyi da ke karyewa cikin tafin ƙafa, yankan murjani kuma yana saurin ruɓa in ba a wanke shi da sabulu an goge sosai ba. Akwai kuma wata cuta da ba ta da yawa amma ya kamata a san ta, likitocin Hawai ne suka fara bayyana ta a 2004: mai koyo ya daɗe kwance ya banƙare baya, jini ya ragu a lakarsa. Alamarta ciwon baya da rashin ƙarfin ƙafafu ko jin kamar tururuwa na bin su. Duk wanda ya ji haka ya fita ya nufi asibiti, kada ya ce bari a gama darasi. Rigakafinta shi ne a riƙa tashi zaune a kan allo lokacin jira.

Ruwan yana da ladabinsa. Igiya ta wanda ya fi kusa da inda ta fara fashewa ce, in ya riga ya hau ba a shiga gabansa. Mai komawa ciki ya zagaya ta gefe, kada ya ratsa hanyar masu tahowa. Kwalekwale mai mutum shida da jirgin yawon baƙi suna bi ta nan, ba su da birki, in an ji ƙaho a kauce. Dattawan wurin, waɗanda yara ke kira kawu ko inna ko da ba dangi, su ake bari su fara. Na lura gaisuwa da haƙuri suna sa su da kansu su nuna wa baƙo inda zai jira.

Abinci sai an yi tambaya, domin naman alade ya shiga kusan komai. Dunƙulen shinkafa mai yankan nama a kai da ake sayarwa a kowane kanti, musubi, na alade ne, haka naman kalua da yawancin romon taliyarsu. Mafita kifi. Poke ɗanyen kifin tuna ne da aka yanka ƙanana aka juya da miyar waken soya da man riɗi da albasa, ana zubawa a kan shinkafa mai zafi, kwano wajen dala 15 a manyan kantuna lokacin da na je. A tambaya ko an sa mirin, giyar shinkafa ce da ke shiga wasu miyoyin. Wanda ɗanye bai karɓe shi ba ya nemi gasasshen kifi da shinkafa cokali biyu. Poi kuwa gwaza ce aka dafa aka kirɓa, tana da ɗan tsami, ita ce abincin asalin mutanen tsibirin. Ruwan famfo ana sha, a riƙe gora.

Arewacin tsibirin na je ne don kallo. A lokacin, bas mai lamba 52 tana tashi daga Ala Moana ta bi ta Wahiawa, ta ratsa jar ƙasa da gonakin abarba, ta sauka Haleiwa cikin kusan awa biyu, daga nan a canza wata ta bi gaɓa. Mai hayar mota kada ya bar komai a ciki, fasa gilashi a wuraren ajiye mota na bakin teku sananne ne. Daga Nuwamba zuwa Maris guguwar arewacin Fasifik ke turo manyan igiyoyi wannan ɓangaren, kudu ta lafa. Daga Mayu zuwa Satumba abin ya juya, har yara su yi iyo a Waimea, wani bakin ruwa na arewa. A filin Ehukai, inda igiyar Pipeline take, na tarar an ja rawayen zare an kafa alamun hana shiga. Igiyar tana tashi ta naɗe ta zama rami, ta faɗo a kan dutse marar zurfi dab da gaɓa, ana jin dukanta a tafin ƙafa. Masu ceto suna ta kora 'yan kallo da lasifika su koma busasshen rairayi, domin duk inda yake a jiƙe igiya ta kai nan, kuma za ta dawo. A kula da yadda 'yan ƙasa ke faɗin tsayi: in suka ce ƙafa goma, fuskar igiyar ta kusa ashirin.

A Waimea ake gasar tunawa da Eddie Aikau, mai ceto na farko a wurin, wanda ya ɓace a 1978 bayan kwalekwalen Hokulea ya kife, ya hau allonsa ya tafi neman taimako. Ba a yin gasar sai fuskar igiya ta kai ƙafa 40, kimanin mita 12, shi ya sa shekaru kan wuce ba a yi ba. A Janairun 2023 Luke Shepardson ne ya ci, mai ceto ne da yake bakin aiki a ranar. A hanyar dawowa na ci jatan lande da tafarnuwa a wata motar abinci, dala 18, na kuma ga kififiya ta fito shan hantsi. Ana tsayawa nesa da ita mita uku, taɓa ta na iya jawo tara.

Ta gabas akwai Sandy Beach, wadda igiyarta ke fashewa a kan rairayi kai tsaye, ta yi suna wajen karya wuya da ƙashin baya. Ganin yaran unguwa suna wasa a ciki kada ya ruɗi baƙo, a nan suka girma. Hanauma kuwa, wurin kallon kifi, a 2024 ana kama gurbi ta intanet, dala 25 ga baƙo, a rufe take Litinin da Talata.

Ranar komawa akwai shinge na ƙarshe. Duk jakar da za ta koma babban yankin Amurka sai ta bi na'urar ma'aikatar gona ta tarayya kafin a kai ta wajen awo, a manna mata takarda, in babu ita kamfanin jirgi ba zai karɓa ba. Yawancin ɗanyun 'ya'yan itace ba sa wucewa saboda ƙudan da ke ɓata amfanin gona, amma abarba da kwakwa suna wucewa in an duba su. A ƙara rabin awa a lissafi saboda wannan layin. Jiragen komawa da yawa na dare ne, otal kuma yakan karɓi ɗakinsa kafin azahar, don haka kayan iyo a ɗauraye su da ruwan famfo tun daren jiya a shanya, in ba haka ba gishiri da danshi za su ɓata duk abin da ke cikin akwati.